Usta Shalabi da Kuɗin Ciyawar Alfadara

Usta Shalabi (a nan duk mai sana'a Usta ake ce masa) mijin yayata Atiyat ne, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Kusan shekara arba'in ke nan ina yi masa aski kyauta, kuma da wuya mu rabu ban ɗan yanke shi ba, saboda mutumin ba ya iya rufe baki ko da aska tana kan maƙogwaronsa. In na ce, "Abu Nadiya, yi shiru na minti ɗaya mana," sai ya ce, "Ragab, kai dai yi aikinka, ai jinin nawa ne."

A nan garin Rashid na bakin teku aka haife shi, a layin masu saƙar raga. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, kowa ya ɗauka shi ma ruwa zai bi. Sau uku ana fita da shi teku, sau uku ana dawo da shi kwance a cikin jirgi yana kiran sunan uwarsa. A na ukun ubansa ya ce wannan ɗan na tudu ne, a bar shi a tudu. Ya yi tallar dabino, ya yi aikin bulo, ya je soja ya dawo bai harba komai ba sai labari. Yana da shekara ashirin da tara Hajj Bastawisi mai gidan ƙanƙara ya ɗauke shi aiki, ya damƙa masa amalanke da linzami.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Da an idar da sallar asuba zai ɗora buhu a kafaɗa, ya sa ƙugiya ya jawo sandunan ƙanƙara ya jera a amalanke, ya bi bakin kogi yana sauke wa masu jirage da masu sayar da kifi. Ƙanƙara yake kaiwa, amma labari ake jira. Wanda matarsa ta yi yaji, wanda injin jirginsa ya mutu a tsakiyar ruwa, wanda ya ci bashi ya sayi talabijin, duk a bakin Shalabi ake fara ji. Masu kifi kan ce rabin ƙanƙarar da suke biya a ƙasa take narkewa kafin ya kai ƙarshen zance, amma ranar da bai zo ba sai kasuwar ta zama kamar gidan makoki.

Alfadarai uku ya yi aiki da su, ta ƙarshen ita ce ya fi ƙauna. Ya raɗa mata suna Hanim, irin kiran da ake yi wa matan manya, saboda ba ta tafiya sai an lallashe ta. A gidansa take kwana, shi yake ciyar da ita, don haka Hajj Bastawisi ya sa a riƙa ƙara masa kuɗin ciyawa a cikin ambulan ɗin albashinsa. A shekarun ƙarshe kuɗin ya kai fam ɗari uku a wata.

Wata ranar rani Hanim ta tsaya a gaban kasuwar kifi, ta dubi kogi, ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Shalabi ya yi kuka har Atiyat ta ce ko ranar da uwarmu ta rasu bai zubar da rabin wannan hawayen ba. Bayan mako biyu Hajj ya sayo babur mai ƙafa uku, mai kuma a asusun kamfani ake sha. Da wata ya ƙare Shalabi ya buɗe ambulan, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Fam ɗari ukun nan suna nan daram.

Ya zo shagona da ambulan ɗin a aljihu. Na ce, "To ka mayar mana."

Ya ce, "Zan faɗa wa Hajj."

Kuma har yau yana rantsuwa ya faɗa. Abin da ba ya son a tambaye shi shi ne inda ya faɗa. A ɗakin inji ne, inda ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba, Hajj kuma a lokacin kunnensa na hagu ya riga ya yi ritaya, Shalabi kuwa ta hagu ya tsaya. Ya ce, "Hajj, kuɗin ciyawar nan fa?" Hajj ya gyaɗa kai ya dafa masa kafaɗa. Shi ke nan, Shalabi ya ce an yi magana. Haka Hanim ta ci gaba da cin ciyawa shekara huɗu cur tana ƙarƙashin ƙasa. Da ciyawarta aka sayi firij ɗin auren 'yarsu Nadiya, da ita aka yi wa Atiyat haƙora biyu.

Da Allah ya yi wa Hajj Bastawisi rasuwa, ɗansa Hazim ya dawo daga Iskandariyya ya hau kujera. Injiniya ne, mai takalmi mai tsini da waya biyu, mutumin da ke kashe fitilar banɗaki da kansa. A watan Janairun da ya biyo baya Shalabi ya cika shekara sittin, lokacin barin aiki ya yi. Hazim ya roƙe shi ya ƙara wata biyu ya nuna wa sabon direba hanya da masu kifi. Sai dai ya ce wa akawun kamfanin, Ustaz Milad, ya rubuta takardar barin aikin da kwanan talatin da ɗaya ga Janairu, watanni biyun nan kuma a biya shi a hannu, don kada a zuba masa kuɗin inshora. Shalabi ya sa hannu bai ko karanta ba, yana ba Milad labarin wani mai jirgi da ya auri 'yar'uwar matarsa ta farko. A ƙarshen Maris aka yi masa sallama, aka ba shi agogon bango da kwalin alewa, aka ɗauki hoto shi da Hazim suna murmushi.

Wata takwas da rabi yana zaman gida yana hana yayata sakat. Ranar wata Alhamis a tsakiyar Disamba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ustaz Milad ne, da jakarsa ta fata a hammata. Milad siriri ne, Kirista (a nan duk ɗan boko Ustaz ake ce masa), matarsa ta rasu da daɗewa, yaransa suna Alƙahira, abincinsa kullum gurasa da cuku a kan tebur. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi shan shayi, ya fito da takarda. Ya ce Injiniya Hazim ya sa an zuba tsofaffin littattafai a kwamfuta, kwamfuta kuma ta tambayi ina alfadarar take.

"Fam dubu goma sha huɗu da ɗari huɗu, Usta. Injiniya ya ce ba ya son rigima. Ka sa hannu a nan cewa ka karɓa bisa kuskure, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan."

Shalabi ya karɓi takardar yana jujjuya ta. Atiyat ce ta leƙo daga kicin ta ce, "Ustaz, tabaransa suna wurin gyara. Ka dawo wata Alhamis." Shalabi kuwa bai taɓa sa tabarau ba a rayuwarsa.

Washegari bayan sallar Juma'a muka hau bene wurin Ustaza Ibtisam, lauyar da ofishinta ke saman kantin magani. 'Yar layinmu ce, tana ƙarama Shalabi yake fasa mata ƙanƙara tana tsotsa, har yau Ammu take kiransa, wato baffa. Ta saurari labarin Hanim tun daga ranar da aka sayo ta, don ba a iya gajarta masa. Da ya tsaya shan ruwa ta yi sauri ta ce ya ba ta takardar barin aikinsa. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta fara dariya.

Ta ce, "Ammu Shalabi, duk wata ƙara da ta taso daga aiki tsakanin ma'aikaci da maigidansa, shekara ɗaya doka ta ba ta daga ranar da aikin ya ƙare. In shekarar ta wuce ba a kai kotu ba, an rufe ƙofa. Kai yaushe ka bar aiki?"

"Ƙarshen Maris. Ga agogo can a bango shaida ne."

"Agogo ba ya zuwa kotu. Takardarsu ta ce talatin da ɗaya ga Janairu, da hatiminsu. Saura kwana arba'in da 'yan kai. Injiniya na nan yana lissafi da ranar alewa, yana ganin yana da lokaci har Maris."

Shalabi ya miƙe zai sumbaci kanta. Ta ce ya zauna, ba ta gama ba. In suka farga suka shigar da ƙara kafin ranar, magana ta canza. Kuma in ya sa hannu a wata takarda, ko ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa, ko ya ba su ko da fam ɗaya ne, to lissafi zai koma farko. "Ka bar su da sa rai, amma kada ka ce e. Ammu, na san ka. Abin da nake tsoro bakinka ne."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni? 'Yata, ni kabari ne."

Na yi dariya har sai da na riƙe bango.

Alhamis ta zagayo, Milad ya dawo. Ya tarar da hannun daman Shalabi naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Wai ƙofar banɗaki ce ta datse shi. Milad ya ce ba komai, ya zo da tawada, a dangwala babban yatsan hagu. Shalabi ya ɗaga hagun, shi ma babban yatsan a naɗe. Milad ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Wannan ƙofar taku, Usta, ta iya zaɓe."

Kafin ya tattara takardunsa Atiyat ta shigo da tire. Ta san lokacin azuminsu ne na kafin bikin haihuwar Almasihu, ba nama ba man shanu, amma ranar Alhamis ana cin kifi. Ta gasa manyan kifaye biyu da dusa, ta dafa jar shinkafa da albasa, ga yalo da tafarnuwa. Milad ya ce wallahi ya ƙoshi. Atiyat ta ce, "Ustaz Milad, dubi wuyanka a madubi ka sake faɗa." Ya ci kifi ɗaya da rabi, ya sha shayi, ya yi gyangyaɗi a kan kujera. Da ya farka ya koma ya ce wa Hazim ana samun ci gaba.

Haka aka yi ta yi. Wata Alhamis Shalabi ya ce sai ya shawarci yayansa da ke garin Damanhur, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. Wata kuma ya ce bai gane lissafin ba, a karanta masa wata-wata. Milad ya fara karantawa, amma duk watan da ya ambata sai Shalabi ya tuna abin da ya faru a cikinsa. "Yuni? Ai a wannan Yunin ne jirgin su Abul-Ela ya kama wuta!" Har la'asar ba su fita daga shekarar farko ba. In Milad ya ce, "To amma ka karɓi ɗari ukun ko ba ka karɓa ba?" sai Shalabi ya ce, "Ustaz, ambulan nake karɓa. Ni ina ganin girman Hajj, in buɗe ambulan a gabansa kamar ban yarda da shi ba?"

Abin da ya fi ba shi wahala ba takarda ba ce. Shalabi mutum ne da in ya gan ka a shagon gahawa sai ya yi kokawa da kai a kan wa zai biya. Wata safiya muna zaune sai ga Milad ya shigo, ya zauna tare da mu, ya sha gahawa ɗaya. Da ya tashi ya laluba aljihu, ashe ya manta walat a ofis. Ya ce, "Usta, ara mini fam biyar in biya, in mayar maka ranar Alhamis." Hannun Shalabi har ya kai aljihu sai ya tuna maganar lauya. Ya zaro hannun, ya zauna a kansa. Duk shagon aka zuba masa ido. Gumi ya karyo masa a cikin sanyin Janairu. Ya juyo gare ni murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ragab, don girman Allah biya masa." Na ce ni ma ban fito da kuɗi ba, alhali suna aljihuna. Sai da na bar shi ya dahu sosai sannan na biya. Mako guda ana kiransa marowacin fam biyar a kasuwar kifi, shi kuma ba damar ya yi bayani. Ya ce mini bai taɓa sanin shiru yana sa ciwon ciki ba sai a wannan watan.

Saura kwana shida Janairu ya ƙare, haƙurin Hazim ya ƙare. Ya zo da kansa, motarsa ta toshe layin har masu keken gurasa suna zaginsa. Ina gidan, na zo yi wa Shalabi gyaran gemu. Hazim ya gaishe da Atiyat da ladabi, ya zauna, ya ajiye waya ɗaya a kan tebur ya kife ta. Ko jariri ya san tana naɗar magana.

Ya ce, "Ammu Shalabi, kai ka ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Ba na son in kai ka kotu, kuɗin lauya ma asara ne. Magana ɗaya nake so. Tsakaninka da Allah, kuɗin ciyawar nan haƙƙinka ne?"

Nan ne tarkon. Shalabi zai iya naɗe hannu da bandeji, zai iya tayar da mamaci a Damanhur, amma ba zai rantse da Allah a kan ƙarya ba. Atiyat ta tsaya cak a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Sai ya matsa kusa da wayar, ya gyara murya, ya ce, "Allah ya jiƙan Hajj. Basha, ranka ya daɗe, da ka ce na ɗauke ka a kafaɗa, ka tuna ranar? Kana ɗan shekara shida, da sabon wando fari na sallah. Ba Hanim ba ce lokacin, ta kafinta ce, mai cizon nan. Ka je ka tsikare ta da kara ta baya, na ce bari, ba ka bari ba. Ta juyo ta kama wandon nan da haƙora..."

"Ammu, ba wannan na tambaya ba."

"Ina zuwa, ai duk maganar alfadara ce. Ta tuɓe maka shi tas! Ka kwasa a guje ta tsakiyar kasuwar kifi, ba komai a ƙasa, kana ihu. Matar da kake aure yanzu, ubanta yana da tebur a wurin, ita ma tana nan tana kallo, 'yar mitsitsiya da ita. Kuma ba gudun kawai ka yi ba, don da na ɗauke ka a kafaɗar, sai na ji ɗumi yana bin bayana..."

Hazim ya fizgi wayar ya kashe. Kunnuwansa sun yi jajir. Ya miƙe ya ce ya ba shi nan da ƙarshen Fabrairu, in bai sa hannu ba sai dai su haɗu a gaban alƙali. Shalabi ya raka shi har mota yana cewa, "Ban kai wurin da uwarka ta zo da tsintsiya ba fa, Basha!"

Ranar ɗaya ga Fabrairu Shalabi ya kwance bandejinsa, ya tafi shagon gahawa ya biya wa duk wanda ke zaune, har da wani baƙo da ya shigo tambayar hanya.

Sai a makon farko na Maris Hazim ya ɗauki lauya. Ibtisam ta gayyace su ofishinta, ni ma na bi Shalabi don kada ya yi ɓarna. Lauyan Hazim ya fara dogon jawabi a kan amana. Ibtisam ta bar shi ya gama, ta tura masa takardar barin aikin. Ya karanta kwanan watan, ya juya ya kalli Hazim.

Hazim ya ce, "Wannan a takarda ne kawai. Kowa ya san sai ƙarshen Maris ya tafi, akwai hoto ma."

Ibtisam ta ce, "Madalla, Injiniya. Ke nan ka sa dattijo aiki wata biyu ba inshora, ka kuma kai wa hukuma takarda da kwanan ƙarya. In haka kake so mu faɗa a kotu, ni a shirye nake, ka kawo hoton. In kuma takardar gaskiya ce, shekara ta cika tun watan jiya. Zaɓi ɗaya."

Lauyan ya raɗa masa wani abu a kunne, ya rufe jakarsa. Hazim ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna Milad da yatsa ya ce, "Kai kuma wata uku kana cin kifi!" Milad ya ce, "Injiniya, kai ka ce a bi shi a hankali." Suka sauka, muna jin takalmin Hazim yana dukan matakala.

Daga baya Milad ya zo aski wurina, na tambaye shi ko da gaske ya manta kwanan da ke takardar. Ya rufe ido cikin kumfa ya ce, "Usta Ragab, da hannuna na rubuta ta. Kuma da hannuna na cika ambulan arba'in da takwas da abincin matacciyar dabba. Da an je kotu, wa kake jin alƙali zai fara tambaya?" Sannan ya ƙara da cewa, "Ban da haka, tun rasuwar matata ba wanda ya taɓa tuna ranar da nake cin kifi."

Amma mu koma ofishin Ibtisam, don abin bai ƙare da saukar Hazim ba. Shalabi ya baje a kujera, bakin da aka ɗaure kwana arba'in ya samu sarari. Ya ce wai shi za a kai kotu, shi da ya ba gidan nan ƙuruciyarsa. "Shekara talatin da ɗaya, 'yata! Ko hutun kwana ɗaya ban taɓa ɗauka ba. Ranar da aka haifi Nadiya ma sai da na kai ƙanƙara. Hajj ya ce ƙanƙara ba ta san hutu ba, na ce haka ne."

Ibtisam ta ajiye biro. "Me ka ce, Ammu?"

"Na ce ko kwana ɗaya."

"Da za ka tafi, sun biya ka kuɗin hutun da ba ka ci ba?"

"Wane kuɗi? Agogo dai suka ba ni."

Ta dafe kai da hannu biyu. Ta jawo takarda ta yi ɗan lissafi, ta ce da ya faɗa mata wannan a Disamba, da ta shigar masa da ƙara a kan hutun nan, kuma a ganinta abin da za a nema ba zai gaza fam dubu sittin ba. Shalabi ya miƙe tsaye ya ce to me ake jira, a kira Hazim ya dawo tun bai tada mota ba.

Ta ce, "Ammu, ƙofar da ta rufe masa ita ta rufe maka. Rana ɗaya, takarda ɗaya. Na zauna na ji tarihin alfadara na awa biyu, har da irin ciyawar da take so, amma wannan ba ka faɗa ba."

Ya ce, "Ai ke kika ce in yi shiru!"

Ni na riƙe shi muka sauka daga benen. Kwana uku bai fita ba, bai yi wa kowa magana ba, har Atiyat ta fara tunanin kiran likita. A rana ta huɗu ya fito tsakar gida da farar jallabiyya, ya sa kujera a inda rana take, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya kira ni da Atiyat ya ce yana da sanarwa. Ya yi lissafi, wata ɗaya a kowace shekara, yana bin duniya hutun wata talatin da ɗaya. Tunda ba za a biya shi ba, zai ci abinsa da kansa, daga yau. Ba zuwa sayen gurasa, ba ɗauko tukunyar gas, ba kai jikoki makaranta, ko ƙwan fitila ne ya mutu kada a kira shi. Duk mai magana da shi ya jira nan da shekara biyu da wata bakwai.

Atiyat ta saurare shi har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Gaskiyarka, Abu Nadiya, an zalunce ka." Ta ajiye tiren shinkafar a ƙasa, ta wanke hannu, ta ɗauko tata kujerar ta dasa kusa da tasa. Ta ce ita shekararta talatin da takwas a kicin ɗin nan, ko agogo ba a ba ta ba, don haka nata hutun ya fi nasa da wata bakwai.

Suka zauna a rana su biyu kamar masu jiran jirgi. Na koma shago na yi aski uku na dawo, suna nan, ba mai kallon wani. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Ƙamshin soyayyen kifi yana shigowa daga gidan maƙwabta, cikin Shalabi yana ƙugi har ina ji daga bakin ƙofa. Can ya yi tari, ya ce, "Ummu Nadiya, a dokar hutun nan, ana iya ɗage shi?"

Ta ce, "Sai ka tambayi lauyarka."

Ya ƙara zama kamar minti goma don kada a ce ya yi saurin karaya. Sannan ya tashi, ya zura silifa, ya ɗauki kwandon gurasa. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaye ta guda nawa zai sayo, ta ce goma, kuma ya biya ta wurin mai gas.